Shin tamoxifen yana lalata ƙwayoyin gado? Amsa ga wata malama daga Boɗinga

Wata malamar kimiyya daga Boɗinga ta rubuto mini kan yayarta mai shekara 39. An cire mata nono bara saboda cutar daji, an yi mata kemo (magungunan kashe ƙwayoyin daji) da gashi (ƙona ciwon da hasken na'ura) a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, takardar gwaji ta nuna ciwon irin wanda istirojin, wato sinadarin da ma'ajiyar ƙwan mace ke fitarwa, ke ciyarwa ne, aka ɗora ta kan tamoxifen na shekara biyar. Wata takwas ke nan, kuma tana son ta daina. Ta ce ta warke, maganin yana sa ta zufa da jin wuta a jiki, sannan wani ya faɗa mata yana lalata ƙwayoyin gado har ya shafi 'ya'yan da za ta haifa nan gaba. Malamar ta ƙara da tambaya biyu nata na kanta: in dai maganin toshe istirojin yake yi, don me aka ce yana iya kumbura mahaifa kamar istirojin ɗin? Kuma don me aka ba wata maƙwabciyarsu letrozole maimakon tamoxifen?

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ƙara wa Yaya lafiya, ke kuma ya saka miki da wannan kulawa. Tunda aji kike shiga kina koyar da ilimin halittu, zan shiga cikin maganar sosai, domin in kin fahimta ke ce za ki iya zaunar da ita ki yi mata bayani da bakin da za ta ji. Amma kafin komai, ki roƙe ta kada ta daina maganin har sai ta koma wurin likitanta.

Mu fara da abin da kika sani. A cibiyar kusan kowace ƙwayar jiki akwai DNA, littafin gado, mai ɗauke da babi wajen 20,000 da ake haɗa furotin da su. Waɗannan babuka su ne abin da ake kira ƙwayoyin gado. Littafin da ke cikin ƙwayar hanta shi ne ke cikin ƙwayar nono, harafi da harafi. Abin da ya bambanta su shi ne babin da ake buɗewa a karanta a kowane wuri. Wani babin a rufe yake har abada a wannan gaɓa, wani kuma sai an aiko da saƙo ake buɗe shi. Istirojin ɗaya ne daga cikin masu kawo irin wannan saƙo. Shi kansa ba ya iya karatu, ba ya iya taɓa littafin. Dole sai ya sami wanda zai karɓe shi a cikin ƙwayar, wani furotin da zan riƙa kira makarɓi, wanda a takardar Yaya aka rubuta shi ER.

An daɗe ana ganin aikin wannan makarɓi kafin a san da shi. Wani likitan fiɗa a Gilasgo, George Beatson, ya ji cewa a wasu ƙasashe makiyaya kan cire wa saniya ma'ajiyar ƙwai bayan ta haihu don ta daɗe tana ba da madara. Sai ya gane lallai akwai magana tsakanin ma'ajiyar ƙwai da nono. Ya cire wa wata mata mai shekara 33 da ciwon nononta ya yi nisa ma'ajiyar ƙwanta, ƙarin ya motse, ya buga labarin a 1896. Sai a 1958 Elwood Jensen na Jami'ar Chicago ya nuna cewa mahaifar ɓera tana kama istirojin ta riƙe, alhali tsoka ba ta riƙewa, wato akwai wani abu a can da ke karɓarsa. A 1996 kuma aka gano makarɓi na biyu a Suwidin. Na farkon, wanda babinsa ESR1 ke kan kuromosom na 6, shi ne mai ruwa da tsaki a cutar dajin nono.

Ga yadda abin ke gudana. Makarɓin yana zaune ne shiru, wasu furotin na riƙe da shi. Yana da wani aljihu a jikinsa daidai girman istirojin. Da istirojin ya faɗa aljihun, sai wani ɓangare na makarɓin, wanda masana suka sa wa lamba 12, ya sauko ya rufe bakin aljihun ruf. Daga nan makarɓai biyu su haɗu su riƙe juna, su je su zauna kan DNA a wurin da aka rubuta wata alama da suka sani, haruffa 13: GGTCA, sai haruffa uku ko waɗanne, sai TGACC. Rufewar marfin nan ita ce komai, domin in ya zauna daidai yakan bar wani ɗan kwarmi a waje, kuma a wannan kwarmin ne wasu furotin mataimaka ke zuwa su maƙale. Su ne ke warware DNA daga inda aka naɗe shi, su kira injin da ke kwafe babin. Sai a fara karanta babuka irin su MYC da cyclin D1, waɗanda saƙonsu ɗaya ne: ki rabu biyu. A lafiyayyen nono wannan umarni yana zuwa da lokacinsa, lokacin balaga da lokacin ciki. A ciwon Yaya ƙwayoyin dajin sun mayar da shi abincin yau da kullum. Cikin babukan da makarɓin ke buɗewa har da na makarɓin wani sinadarin mata, furojestaron, wanda ake rubutawa PR, shi ya sa za ki ga PR kusa da ER a takardarta. In PR ya fito, alama ce cewa hanyar istirojin ɗin tana aiki da gaske a cikin ƙarin.

To ina tamoxifen ya shigo? Ki ɗauko ƙwaryar fura a ranki. In kin zuba fura kin ɗora faifai, ya zauna daram. Amma in kin bar ludayi a ciki, hannunsa na leƙowa waje, faifan ba zai zauna ba, sai dai ya karkace. Tamoxifen haka yake. Kansa ya yi kama da istirojin har ya shiga aljihun, amma yana da wata jela da ke fitowa ta baki. Jelar nan ke ture marfin mai lamba 12, marfin ya karkace ya faɗa cikin kwarmin da mataimaka ke maƙalewa, ya toshe shi. An ga wannan da ido a hotunan tsarin furotin da aka fitar a 1997 da 1998. Makarɓin da ke ɗauke da tamoxifen yana iya zuwa ya zauna kan DNA kamar kullum, sai dai mataimaka ba su da wurin kamawa, sau da yawa ma wasu furotin masu rufe babi ne ke zuwa a madadinsu. Littafin na nan lafiya lau, ba a goge harafi ko ɗaya ba. Karatun ne aka tsayar.

Nan ne amsar maganar da aka faɗa wa Yaya take. Aikin maganin nan ba canza rubutun gado ba ne, don haka babu wani abu da zai bar mata a jini ta gadar wa 'ya'ya bayan ya fita daga jikinta. Haɗarin da ke akwai na gaske shi ne ta ɗauki ciki alhali tana kan shan sa, domin yana iya cutar da ɗan tayi, kuma ba a shayarwa a kansa. Wannan ma yana buƙatar a faɗa mata ƙarara, saboda mata da yawa in al'adarsu ta rikice ko ta ɗauke a kan tamoxifen sai su ɗauka haihuwa ta tsaya. Ba ta tsaya ba. Asalin maganin ma a kamfanin ICI na Ingila wata masaniyar sinadarai, Dora Richardson, ta haɗa shi a 1962 ana neman maganin hana ɗaukar ciki, sai aka tarar a jikin mata yana sa ƙwai ya fito. Daga baya ne aka juya shi kan cutar daji, Ingila ta amince da shi a 1973, Amurka a 1977. Saboda haka ita da maigidanta suna buƙatar hanyar tazara wadda babu homon, wato sinadari irin su istirojin, a cikinta, likitanta zai nuna musu.

In kuwa son ƙarin haihuwa ne ke cin ta a rai ba ta faɗa ba, kuma na sha ganin haka, musamman ga macen da ke da abokiyar zama ko take tsoron a yi mata, to ta faɗa wa likita. An yi wani babban bincike mai suna POSITIVE, aka buga sakamakonsa a 2023. Matan da suka sha magani wata 18 zuwa 30 sun dakata na ɗan lokaci, bai wuce shekara biyu ba, suka jira maganin ya fita daga jiki, suka nemi ciki, suka haihu, suka koma kan magani, kuma a shekarun farko da aka bi su ba a ga ciwon ya fi dawowa ba. Akwai hanya ke nan, amma da tsari ake bin ta, kuma wata takwas bai kai ba.

Yanzu ki lura da ɗaya fuskar wannan magana, wadda ita ce ta fi damuna. Tunda maganin bai canza rubutu ba, ƙarfinsa yana nan ne muddin yana cikin aljihun makarɓin. Ranar da ya ƙare a jini, aljihun ya zama fanko, istirojin ya dawo mazauninsa, a ci gaba da karatu daga inda aka tsaya. Yaya tana da shekara 39, ma'ajiyar ƙwanta na iya ci gaba da fitar da istirojin shekara goma nan gaba. Fiɗa ta cire abin da ido ke gani, kemo da gashi sun kashe masu saurin rabuwa. Amma irin wannan ciwo yana da wata ɗabi'a: 'yan ƙwayoyi kaɗan kan ɓuya a ɓargo ko wani lungu su yi likimo shekara da shekaru, har akan ga ya dawo bayan shekara 15 ko 20. Su ake yi wa tamoxifen. Wata baiwar Allah daga wajen Gwadabawa ta taɓa zama gabana, ta kwance bakin zanenta ta fito da katin maganin, rabinsa ba a ɓalle ba, ta ce, "Likita, ni ba ni jin komi yanzu, wanga magani na mi ne kuma?" Na ce mata rashin jin komai ɗin shi muke saye da shi. Daina shi a wata takwas, an kashe maciji ne ba a sare kansa ba.

Kuma ba da ka nake faɗa ba. Masana a Oxford sun tattara gwaje-gwaje 20 suka buga a 2011. Ga matan da ciwonsu ke da makarɓin istirojin, shan tamoxifen shekara biyar ya rage dawowar ciwon da kusan rabi a shekaru biyar na farko, ya kuma rage mutuwa daga cutar da kusan kashi ɗaya cikin uku har tsawon shekara 15. Wani gwajin mai suna ATLAS ya nuna a ƙarshen 2012 cewa kai shi shekara goma yana ƙara rage haɗarin. Kaɗan ne cikin magungunan daji ke da irin wannan amfani a kan ƙwaya ɗaya ta miligiram 20 a rana.

Sai tambayarki ta mahaifa, wadda ta nuna kin yi tunani mai zurfi. Makarɓin yana da wurin kiran mataimaka guda biyu. Tamoxifen yana toshe wanda ke kusa da aljihu ne kawai, na ɗaya ƙarshen yana nan a buɗe. Sannan kowace gaɓa tana da nata taron mataimaka da masu rufewa. A ƙwayar nono masu rufewa ke rinjaye, sai maganin ya zama birki. A bangon mahaifa akwai wani mataimaki mai suna SRC-1 da yawa, wanda ke iya lallaɓawa ya sa a karanta wasu babukan duk da marfin ya karkace, sai maganin ya yi aiki irin na istirojin mai rauni. Shi ya sa bangon ke iya kauri. A ƙashin macen da ta daina al'ada wannan halin nasa alheri ne, yana tsare ƙarfin ƙashi. A hanta yana sauke mugun kitsen jini, amma yana ƙara wa jini saurin daskarewa. A ƙwaƙwalwa, wurin da ke daidaita zafin jiki, toshewa yake yi, daga nan zufar da ke damun Yaya ta fito.

Haɗarin dajin mahaifa gaskiya ne, sai dai a san girmansa. Ya fi shafar waɗanda suka haura 55, inda a wancan lissafi na Oxford ya tashi daga kusan mace 1 cikin 100 zuwa kusan 4 cikin 100 a shekara 15. Ga masu shekarun Yaya ƙarin ɗan kaɗan ne ƙwarai. Abin da za ta kiyaye shi ne duk jinin da ya zo ba bisa ƙa'ida ba ta kai shi asibiti. Daskarewar jini kuma alamarta ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya sarƙe farat ɗaya, wannan ba a kwana da shi a gida. In za ta yi doguwar tafiya a mota, ko jirgin Hajji ko Umara, ta riƙa motsa ƙafa tana shan ruwa, in kuma za a yi mata wata fiɗa ta sanar tana kan tamoxifen.

Zufar kuwa ban raina ta ba. Wanda bai kwana a Sakkwato a watan Afrilu ba, zafi ya haura digiri 40 ga babu wuta, ba zai san abin da ake nufi da a ce wa mace wutar jiki ta taso mata a kan wannan ba. Yawanci takan lafa bayan watannin farko. Kayan auduga marasa nauyi, rage shayi mai zafi da yaji da dare, da sauya lokacin shan maganin suna taimaka wa wasu. Akwai kuma magungunan da likita ke iya bayarwa, amma a nan akwai tarko. Tamoxifen da aka haɗiya ba shi ne mai ƙarfin ba, sai hanta ta juya shi ya zama endoxifen, ta hannun wani inzayim, wato furotin mai sarrafa sinadarai, mai suna CYP2D6. Paroxetine da fluoxetine, waɗanda ake bayarwa don damuwa, suna danne wannan inzayim. Rifampicin na tarin fuka kuma yana sa hanta ta zubar da tamoxifen da sauri. Don haka kada ta sayi komai a kemis don zufa ko rashin barci, kuma duk likitan da zai rubuta mata magani ya san abin da take sha. Jiƙo da sassaƙe ma ta faɗe su, kada kunya ta hana. Azumi ba ya hana shan sa, tunda sau ɗaya ne a rana, ta mayar da shi sahur ko bayan shan ruwa. Yana kwanaki a jini kafin ya ragu, saboda haka mantuwar rana ɗaya ba abin tashin hankali ba ne, ta ci gaba washegari ba tare da ta haɗa biyu ba. Barin makonni da watanni ne ke buɗe ƙofa.

Maganar maƙwabciyarku gajeriya ce, ina kyautata zaton ta daina al'ada. Bayan al'ada ta ɗauke, ma'ajiyar ƙwai ta yi ritaya, ɗan istirojin da ya rage ana haɗa shi ne a kitsen jiki da wasu wurare, ta hannun inzayim aromatas. Letrozole, anastrozole da exemestane wannan inzayim suke tsayarwa. Ba su taɓa makarɓin ba, sun hana saƙon fitowa ne tun daga tushe, aljihun ya zauna fanko. Shi ya sa ba su kumbura mahaifa, amma suna sa ciwon gaɓoɓi da raunin ƙashi. In aka ba mace mai al'ada letrozole shi kaɗai, ƙwaƙwalwa za ta ji istirojin ya ragu ta ƙara zuga ma'ajiyar ƙwai, har ma da shi ake taimaka wa masu neman haihuwa. Sai an fara kwantar da ma'ajiyar da allura irin goserelin, wadda ake sawa ƙarƙashin fatar ciki duk kwana 28, sannan ya yi amfani. Don Allah kada su yi musayar magani ko da na ɗaya ya ƙare.

Akwai kashi na uku, fulvestrant, allura ce a ɗuwawu, wadda jelarta ta fi ta tamoxifen tsawo har makarɓin ya lalace ƙwayar ta narkar da shi. Akan ajiye ta ne don ciwon da ya bazu ko ya daina jin na farko. Yadda yake daina ji ɗin ma darasi ne ga ajinki. A 2013 aka tabbatar cewa a wasu matan da suka daɗe kan masu tsayar da aromatas, babin ESR1 na cikin ƙwayoyin dajin yakan sami sauyin harafi, irin su Y537S da D538G, wanda ke sa marfin ya rufe da kansa ko babu komai a aljihu. Maganin bai rubuta wannan sauyi ba. Cikin miliyoyin ƙwayoyin daji wata ce ta yi kuskuren kwafi, da aka hana sauran abinci ita ta rayu ta yaɗu. Kuma sauyin a cikin ƙarin yake, ba ya cikin ƙwan da ake haihuwa da shi. Saboda irin waɗannan ne aka fito da elacestrant a 2023. Akwai kuma magunguna irin palbociclib masu tare umarnin rabuwa can ƙasa, bayan an riga an karanta babin cyclin D1.

Abu ɗaya da nake yi wa Yaya murna a kai shi ne an yi mata gwajin makarɓin kuma ya fito. Makarɓin furotin ne mai saurin lalacewa. Ƙa'ida ita ce naman da aka yanko ya shiga ruwan fomalin, mai hana nama ruɓewa, cikin awa ɗaya, ya zauna awa 6 zuwa 72. Na taɓa karɓar wani daga wani ƙaramin asibiti, ɗan'uwan maras lafiya ya kawo shi a robar man shafawa, ruwan bai rufe rabinsa ba, ya kwana biyu a hanya cikin zafin bazara. Irin wannan nama zai iya nuna babu makarɓi alhali akwai, a hana mace maganin da ya fi komai sauƙi da amfani a gare ta. Duk wanda za a yi wa 'yar'uwarsa fiɗar nono ya tambaya tun kafin a shiga ɗakin tiyata: ina za a kai naman, a cikin me, kuma za a yi gwajin ER da PR da HER2, wani furotin da shi ma ake dubawa don zaɓen magani?

Ranar da za ta koma asibiti ki raka ta in da hali. Ku tafi da katin maganin yadda yake, ko da akwai kwanakin da ta tsallake, da duk wani abu da take sha na asibiti da na gargajiya, da kwanakin al'adarta na watannin nan a rubuce. Ki bar ta ta faɗi maganar zufar da bakinta, in kuma akwai maganar haihuwa, ki ɗan fita waje ki ba su wuri ita da likitan.